Tallar Kirari Da Tallar Bayani

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, sai a ga bangayen Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal sun cika da hotunan 'yan takara, rediyo da talbijin da wayar hannu kuma su ɗauki waƙoƙi. Tallar neman ƙuri'a kuwa iri biyu ce. Akwai wadda take gaya wa mai zaɓe abin da ɗan takara zai yi, da lokacin da zai yi shi, da inda zai samo kuɗin. Akwai kuma wadda ba ta ɗauke da kome sai kirari da zuga da tsoratarwa. Ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su iya bambance su, domin a wuyansu sakamakon yake faɗawa.

Ba yau aka fara burge jama'a ba. A zaɓen 1959 jam'iyyar Action Group ta Cif Obafemi Awolowo ta yi yawon neman ƙuri'a da jirgi mai saukar ungulu har cikin ƙauyukan Arewa. Mutane sun fito kallo ƙwarai, amma da aka ƙidaya kujeru sai jam'iyyar ta zo ta uku. Ashe taron kallo daban, ƙuri'a daban.

A 1979 kuwa jam'iyyar UPN ta bayyana alkawura huɗu: ilmi kyauta, magani kyauta, raya karkara da aikin yi ga kowa. Ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba, an ba shi abin da zai auna ta da shi. Da Alhaji Lateef Jakande ya zama gwamnan Jihar Legas, sai ya gina azuzuwa masu yawa, ya kawar da karatun safe da na yamma, ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Alkawarin da aka faɗa dalla-dalla bashi ne, ana iya binsa. Kirari kuwa ba wanda ya taɓa zuwa karɓarsa.

Zaɓen 2023 ya ƙara nuna haɗarin barin bayani a bi waƙa. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku duk sun ce za su janye tallafin man fetur, ba su ɓoye ba. Amma hotunan bango da waƙoƙi ba su ɗauki wannan magana ba, sai zancen addini da ƙabila da ɓangare. Ran 29 ga Mayu 2023 aka bayyana janye tallafin, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 a Legas. Ɗan acaɓa da mai kawo shanu da tumatir daga Arewa da mai zuwa gida da Salla duk sun ji a jikinsu. Haka nan hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yuni 2022 ya shafi dubban magidanta, ga shi kuwa irin wannan batu ba ya samun wuri a waƙar zaɓe.

Ba a ce waƙa da kirari ba su da amfani. Suna tara jama'a, suna sa a riƙe sunan ɗan takara da alamar jam'iyya. Amma in sun yi yawa ba bayani, sai mutane su gaji su ɗauka duk kanwar ja ce. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa kuwa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su daina karɓar hula da atamfa a maimakon amsa. Duk ɗan takarar da ya shigo Sabo, a tambaye shi a gaban jama'a: ina matsayinsa kan rumfunan kasuwa, da harajin kan hanya, da makarantar yara, da tsaron baƙo ranar rikici? A rubuta amsarsa a adana. Jam'iyyu kuma su fassara manufofinsu da Hausa kamar yadda suke biyan mawaƙa. Cinikin biri a sama ya isa haka nan. Allah ya sa a gane.