'Yar Uwa, Idan Duk Sun Tafi, Wa Zai Duba Mu?



Saƙonmu na wannan makon a kan 'ya'yanmu masu karatun likita ne. Ki samu wanda ke aji biyar ko aji shida a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri, ki tambaye shi: in ka gama, sai ina? Idan ya saki jiki da ke, da wuya ya ce miki babban asibitin garinsu. Ingila za ki ji, ko Saudiyya, ko Amurka, ko Kanada. Wasu ma tun ba su gama ba sun fara tara kuɗin jarrabawar Turanci da ta PLAB, wadda hukumar likitocin Ingila ke yi wa baƙi kafin ta ba su lasisin aiki.

Da sauƙi mu ce yaran zamani ne, ba kishin ƙasa, sai son kuɗi. To amma ruwa ba ya tsami banza. Yaron nan a cikin asibiti yake yanke shawarar tafiya, a hankali, yana kallon yadda na gaba da shi ke rayuwa.

Fara da karatun kansa. A takarda shekara shida ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Shida ta koma bakwai, ta koma takwas. Bayan nan akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, wadda gurbinta ma sai an yi ta yawon nema. Sai bautar ƙasa. In yana so ya ƙware a tiyata ko ɓangaren mata da haihuwa, ga wasu shekara biyar zuwa shida a gabansa.

Me yake gani a tsawon wannan lokaci? Yana ganin likita ɗaya ya kwana a tsaye, gari ya waye layi na jiransa. Yana ganin an rubuta wa 'yan uwan maras lafiya safar hannu da ruwan ƙari su je su sayo, alhali mace na zubar da jini. Yana ganin wuta ta ɗauke, ba man janareta. In rai ya yi halinsa, wani lokacin likitan ake zagi, har a kai masa hannu.

Ki duba kuma yadda aka kimanta ransa. Shekara da shekaru, alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. A farkon 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano. A Disamban 2023 aka sace wata likita a Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannun masu garkuwa, har ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan lamarin. Ɗalibai duk sun gani, kuma ba su manta ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba abin kunya ba ce. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura 1,500. Albashin likita bai bi ta ba. Yaron da ke da uwa da ƙanne suna jiransa yana da waya a hannu, yana magana da ɗan ajinsu na da wanda ke aiki a Ingila ko Jidda. Ya iya lissafi fa.

Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Kuma tafiyar hawa-hawa ce. Likita ya bar asibitin karkara ya koma birni, ya bar aikin jiha ya koma na tarayya inda albashi ya fi, daga nan sai filin jirgi. Saboda haka ƙauye ne ke fara rasawa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi duk a ciki.

'Yar uwa, kin san wa ke biyan wannan bashin? Mu ne. Ƙiyasin wannan hukuma ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya, a Najeriya suke. Jijjiga da zubar jini da doguwar naƙuda ba sa jiran gari ya waye. Mai hali ya hau jirgi zuwa Masar ko Indiya. Ke da ni, sai benci da kati a hannu.

An gwada maganin ƙarfi. A 2023 aka kai ƙudiri Majalisar Wakilai cewa kada a ba likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Ya tsallake karatu na biyu, likitoci suka yi ca a kansa, bai kuma zama doka ba. Mu a ganinmu ɗaure mutum ba ya gyara asibiti. Wanda aka tsare da ƙarfi kwana kawai yake ƙirgawa. Amma a bambance: wanda jiha ta biya masa kuɗin karatu, a gida ko a Sudan ko Masar, ya sa hannu cewa zai dawo ya yi aiki, to alkawari kaya ne, ya cika shi.

Mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne ke addu'a Allah ya fitar da ɗanmu waje, mu ne kuma ke kuka mun je awo ba likita. Ba laifi uwa ta so wa ɗanta alheri. Laifin shi ne mu ƙyale masu riƙe da kasafin kuɗi ba tambaya. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya, ko wace jam'iyya ke mulki, ba ta taɓa kaiwa can ba, yawanci a wajen kashi biyar take tsayawa.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, namu ne ko na wasu, kafin a raba atamfa mu tambaye shi:

Nawa aka ware wa lafiya, kuma nawa aka saki da gaske?
Likita nawa ne a babban asibitin ƙaramar hukumarmu, mata nawa ne a ciki?
Ana biyan su a kan lokaci? Suna da gida da tsaro da wuta da ruwa?
Wanda ya zauna a karkara, me aka fifita shi da shi wajen albashi da ƙaro karatu?

In kuma kin je asibiti kin tarar da yarinya sa'ar 'yarki da farar riga, ta kwana ba barci, ki yi mata sannu. Tana da hanyar tafiya, ta zauna. Ki kwaɓi na gida kada su ɗaga mata murya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa sauran 'yan uwa, a kuma tattauna a taron mazaɓa.