Darasin Sauyin Ƙwayoyin Gado Ya Wuce Hadda

A makarantun sakandare da dama, idan aka zo kan darasin sauyin ƙwayoyin gado a ajin ilmin halittu, malami yakan rubuta ma'ana a allo, ɗalibai su haddace domin jarrabawa, shi ke nan. Wannan kuwa asara ce, domin misalin da ya fi fito da darasin fili yana cikin gidajen ɗaliban, wato amosanin jini, wanda ake kira sikila.

Bayanin gadon ɗan Adam a rubuce yake cikin sinadarin DNA da haruffa huɗu: A, T, G da C. A ƙwayar gadon himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi cikin jini, harafi ɗaya tak ya sauya, GAG ya koma GTG. Sakamakon haka, jajayen ƙwayoyin jini sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. A shekarar 1957 Vernon Ingram ya tabbatar a Ingila cewa bambancin himogulobin ɗin bai wuce tubali ɗaya ba.

Me ya sa sauyin bai ɓace ba? A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa wanda ya gada daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ya yaɗu inda sauro ya yi katutu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da shi.

Ɗalibin da ya fahimci wannan zai gane cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai SS, ko da ɗan fari ya zo da cutar. Zai kuma san cewa ba sammu ba ne, ba laifin uwa ba ne, domin uwa da uba ne suka haɗu suka ba da gadon.

Saboda haka ya kamata malamai su gina darasin a kan wannan misali, ba tare da nuna wani ɗalibi da yatsa ba, su kuma kwaɗaitar da ɗalibai gwajin jini tun kafin maganar aure ta taso. Bayan an sa rana, jin sakamakon yakan yi ɗaci. Rigakafi dai, an ce, ya fi magani.