Maganin farfaɗiya ba a yi masa hutu

A wani ajin yaƙi da jahilci da na koyar a wajen Gangara, akwai wata budurwa mai ƙoƙari ƙwarai. Ran nan muna cikin karatu sai ta faɗi, jikinta yana kakkafewa, kumfa na fita daga bakinta. Nan da nan mata suka watse. Wata ta ce: "Kar ku taɓa yawunta, ana ɗauka!" Wata ta ce iskoki ne. Ni da wata tsohuwa muka tsaya kanta har ta farfaɗo.

Aka kai ta likita a Tanut. Lokotoro ya duba ta, ya rubuta mata wata ƙwaya mai suna karbamazefin. Wata biyar ba ta faɗi ba. Sai ubanta ya ce ai ta warke, ya bar sayen magani. Ba a yi sati biyu ba ta faɗi kusa da murhu, hannunta na dama ya ƙone. Har yau ba ta iya riƙe alli daidai. Wannan hannu ne ya sa na rubuta muku wannan magana.

Ƴan uwa, farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ko ta cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Wani wahalar haihuwa ce ta jawo masa ita. Wani sanƙarau ne, irin wanda ya yi mana ɓarna a 1995. Wani zazzaɓin sauro ne ya hau masa kai, wani kuwa faɗuwa ya yi daga raƙumi ko daga babur. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya. Ta ce kuma cikin mutum 10, har 7 suna iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai.

Karbamazefin ɗaya ne daga cikin magungunan nan. A bisa kwali wani lokaci za ka ga an rubuta Tegretol. A ƙasar Suwis aka gano shi a 1953, aka fara sayar da shi a 1962. Aikinsa shi ne ya kwantar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa don kar su tashi gaba ɗaya. Ana ba da shi kuma ga mai ciwon jijiyar fuska. Ciwo ne da ke sukar gefe ɗaya na fuska kamar walƙiya, wajen tauna, ko alwala, ko in iskar hunturu ta buga. Mutane da yawa sun ciri haƙori a banza saboda shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙwayar nan ba ta tumɓuke ciwo a kwana bakwai. Tsare shi take yi, kamar yadda shinge ke tsare gona. Ran da aka cire shinge, dabbobi su shiga. Wanda ya yanke magani farat ɗaya, faɗuwa tana iya dawo masa fiye da ta da. Lokotoro kaɗai ke da ikon ragewa ko tsayarwa, shi ma sannu a hankali, bayan an yi shekaru ba faɗuwa.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, kuɗi fa? Nisa fa?" Gaskiya ne. Mutumin Tenhiya ko na ƙauyukan Belbeji ba ya zuwa Tanut ko Damagaram kullum. Makiyayi kuwa in damina ta sauka arewa yake yi da bisashensa. Amma mu mutanen Damargu mun san tanadi. Da kaka muna cika rumbu don bazara. A ganina maganin mai farfaɗiya cimaka ne. In an sayar da hatsi ko ɗan akuya, a ware kuɗinsa tun farko. Mai tafiya kiwo ya gaya wa lokotoro, ya ɗauki na watannin da zai yi. Ban ce a bar addu'a ba. A yi addu'a, a sha ƙwaya.

A kula da abubuwa huɗu. Kar a saya wajen masu tallar magani a kasuwa, rana ta gasa shi, wani ma na jabu ne. Kar ka ba maƙwabci naka, don farfaɗiya iri-iri ce, wani Gardenal ne ya dace da shi. In ƙuraje sun feso, ko baki ya yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo, a je likita ran nan, ba gobe ba. Mace kuma ta faɗa in tana da ciki, ko tana neman ciki, ko tana tazarar haihuwa, don maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar hannu. Jiri da barci na kwanakin farko kam sukan ragu.

In mutum ya faɗi gabanka, kar ka gudu. Janye shi daga wuta ko bakin rijiya. Kwantar da shi a gefe ɗaya. Kar ka cusa masa cokali a baki, kar ka ɗura masa ruwa. In abin ya wuce minti 5, a nemi amalanke ko mota.

Mu da muka iya karatu yanzu, aiki ya hau kanmu. Mu karanta sunan magani a kwali, mu duba ranar lalacewarsa. Mu ja layi a takarda duk ran da aka sha. In ƙwaya ta rage ta sati ɗaya, mu tuna wa maigida. Ɗalibata ta koma shan maganinta, ta dawo aji, tana koyon rubutu da hagu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.