Yoga Ba Maganin Tumbi Ba Ce

Daga Kongo har Agoro, da wuya a sami mai riƙe da waya a Tudun Wada da bai ci karo da tallan nan ba: yi yoga kwana 30, tumbi ya narke. Wannan yaudara ce, kuma masu yin ta sun jahilci abin da suke sayarwa.

Patanjali, malamin Indiya da ya tattara ƙa'idojin yoga, ya kasa ta gida takwas. Zaman jiki, wanda aka mayar lanƙwashe-lanƙwashe a yau, shi ne na uku. Kafinsa akwai barin cutarwa da ƙarya da sata da haɗama, sannan tsafta da wadatar zuci da juriya da nazari. Wane ne ya taɓa kammala waɗannan cikin wata guda? Aiki ne na tsawon rai, sai mutuwa ke raba mutum da shi.

Masu ɗari-ɗari da yoga suna da hujja. Tushenta na cikin addinin Hindu, kuma a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta idan ta haɗa da ambaton ababen bautarsu. Wannan iyaka ce da ba a ƙetarewa. Amma kimanin shekara 1,000 da suka wuce, Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci domin a san abin da ke ciki. Mu da muka gaji karatun tarbiyyar zuciya a zaurukan Zazzau bai kamata horon kai ya zame mana baƙo ba.

Haɗarin tallan nan a jiki yake bayyana. Mai hawan jini ko ciwon suga ya yi mako huɗu yana miƙe-miƙe, bai ga canji ba, ya watsar. Wani ma ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa, sai shanyewar ɓarin jiki ta riske shi. Yoga ba ta maye gurbin magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ba ta kuma sa ranar dainawa ba. Ka taka da ƙafa bayan asuba, ka rage gishiri, ka danne fushi, ka riƙa auna jininka. Gobe ka maimaita, baɗi ma haka. Da yayyafi kogi kan cika.