A Sa Ɗalibanmu Cikin Bincike Tun Daga Aji Ɗaya

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure, ana noma shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Amma har yau manomin da ke ƙarshen magudana yana kukan ruwa bai iso shi ba, kachala na toshe hanyoyin ruwa, kuma ba a manta da yadda tsutsa ta cinye tumatir a 2016 ba.

Waɗannan matsaloli na bukatar ƙirge da ajiye bayani: nawa aka saki ruwa, ina ya tsaya, yaushe tsutsa ta fara ɓulla. Wannan kuwa aikin masu ilmin kwamfuta ne. Ga Jami'ar Bayero a Kano, ga ta Aliko Ɗangote a Wudil, dukansu suna koyar da shi, kuma 'ya'yan manoman nan na cikin ɗalibansu.

Abin takaici, ɗalibi ba ya taɓa bincike sai a shekararsa ta ƙarshe. Kafin nan, yaron ƙauye da bai taso da kwamfuta a gida ba, da yarinyar da aka ce mata wannan karatun maza ne, sun riga sun karaya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Amurka, tun 1987 hukumar kimiyya ta ƙasar ke ba da kuɗi domin ɗaliban digirin farko su yi bincike tare da malamansu.

A ganinmu, ɗan aji ɗaya zai iya auna ruwa a magudana, ya ɗauki hoton ganyen da ya kamu, ya shigar da farashin kwandon tumatir a na'ura. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo: ɗan Bunkure ya san tambayar da ɗan birni ba zai yi ba.

Saboda haka muna kira ga jami'o'in nan da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su haɗa kai, su buɗe wannan ƙofa a lokacin hutu, tare da ɗan kuɗin mota da abinci, don kada ta zama ta 'ya'yan masu hali kaɗai. Iyaye kuma, ku bar 'yan mata su je. Allah ya ba mu ikon gyarawa.