Sabon dakta, leƙa ajin firamare

Duk wanda ya kammala digirin digirgir a fannin fasahar koyarwa, ya samu gurbi a jami'a, shawarar farko da zai ji ita ce ya dage da wallafa maƙaloli, domin da su ake samun ƙarin girma. Haka ne, amma ni ina da ja. A 2020, da korona ta rufe makarantu, ta rediyo darussa suka riƙa isa ga yara a Kano da Kaduna. Don haka malamin firamare mai waya mai tsagaggen gilashi, wanda ke lallaɓa datar naira ɗari biyu, shi ya fi cancanta da bincikenka. Dakta, kafin ka nemi tallafin asusun TETFund na halartar taro a Turai, ka yi zango guda a ajinsa.