Yaron Da Ba Ya Komawa Baya: Benci Ne Maganinsa?

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Shagari a 'yan kwanakin nan, idan ya tsaya a Boɗinga ya zauna teburin mai shayi, da wuya ya tashi bai ji gardamar nan ba. Maganar wani yaro ce mai shekara 17 da ke buga gaba ta gefen dama a wata ƙungiyar matasa ta garin. Ba za mu kama sunansa ba, domin yaro ne. A wasan sada zumunci da suka yi da samarin Shagari bayan girbin gero, shi ya fara jefa ƙwallo a raga, amma aka tashi Shagari na da uku, kuma duka ukun ta gefensa suka biyo. Tun daga ranar kocinsu ya ajiye shi a benci, ga shi an yi wasa huɗu ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba.

Jama'a sun rabu biyu. Samari na cewa hassada ce, wai an taɓa ganin inda aka ɗauki mai cin ƙwallo aka ce ya yi gadi? Manya kuma, musamman waɗanda suka taɓa buga baya a zamaninsu, na cewa ragon yaro ne, in an ƙwace ƙwallo daga ƙafarsa sai ya riƙe ƙugu ya zama ɗan kallo. A namu ra'ayin, kocin ya yi daidai da ya tsawata wa yaron, amma ya yi kuskure da ya mai da benci gidansa.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Wasa minti 90 ne, 'yan wasa 22 ne, ƙwallo kuwa guda ɗaya ce. Ko da ba ta taɓa fita waje ba, aka raba ta daidai wa daida, abin da kowa zai samu bai wuce minti huɗu da 'yan kai ba. Sauran minti tamanin da wani abu fa, me ɗan wasa yake yi? Wannan shi ne abin da koci ke kallo, alhali mu 'yan kallo ƙwallo kawai idonmu ke bi. Idan ɗan gaba na gefe ya ƙi bin ɗan bayan abokan karawa sa'ad da ya hauro, to nasa ɗan bayan zai fuskanci mutum biyu shi kaɗai. Dole ɗan tsakiya ya bar wurinsa ya kawo masa ɗauki, nan take sai tsakiya ta zama hanya. Daga baya a zagi mai tsaron gida, wanda ya jawo ɓarnar kuwa yana can tsaye kusa da layi, rigarsa ko gumi babu. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato da ya samo wa Nijeriya lambar tagulla tare da abokansa a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya daɗe yana riƙe bayan dama, kuma irinsa ne ke ɗaukar wannan kaya in na gabansu ya yi barci.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a gidajen kallon ƙwallonmu. Mun yi ta a kan Ahmed Musa har muryoyi suka dushe. Yana ɗan shekara 17 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, daga nan CSKA Moscow ta Rasha a 2012. A watan Yuli na 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a shekarar, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da ɗoriya. Muka ce shi ke nan, namu ya samu. Sai ga shi kakar ta ƙare da ƙwallo 2 kacal a Firimiya, yawancin lokaci yana zaune. Wanda aka fi sa wa kusa da Jamie Vardy shi ne Shinji Okazaki na Japan, mutumin da ƙwallo 5 kawai ya ci a kakar da suka ɗauki kofi, alhali Vardy ya ci 24. Mutane da yawa a nan sun ce wariyar launin fata ce. Amma wanda ya lura da wasan Leicester ya san cewa ƙarfinta a kan ƙwace ƙwallo da kai farmaki cikin sauri yake, Okazaki kuwa shi ne ke bin 'yan bayan abokan karawa kamar kare ya ga zomo, har sai an cire shi don gajiya. Ba muna cewa Musa rago ba ne. Muna cewa a ƙungiya irin wannan, gudun da mutum ya yi ba tare da ƙwallo ba shi ne ke saya masa riga.

Victor Moses, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna, ya sha irin wannan ɗacin kafin ya gane. Chelsea ta saye shi a 2012, sannan ta yi ta ba da shi aro shekara uku a jere, Liverpool, Stoke City, West Ham. Da Antonio Conte ya zo a 2016, bayan Arsenal ta lallasa su da ci 3 da nema a watan Satumba, sai ya sake tsari, ya ba Moses gefen dama gaba ɗayansa, ya hau ya kai farmaki, ya dawo ya tare. Ɗan gaba ne tun yana yaro, amma bai ce an rage masa daraja ba. Chelsea ta ci wasa 13 a jere, ta ɗauki kofi a 2017, Moses kuwa ya buga wasa 34 cikin 38. Samarinmu na Boɗinga da ke cewa komawa baya ƙasƙanci ne, su faɗa mana wace shekara ce ta fi wannan a rayuwar Moses.

To, amma kada masu horarwa su ɗauka mun ba su gaskiya duka. Benci ba makaranta ba ce. Ba mu taɓa ganin wanda ya koyi noma yana zaune a gindin bishiya ba. Musa kansa, a watan Janairu na 2017, daga benci ya taso ya ci Everton ƙwallo biyu a gasar Kofin FA, duk da haka da aka sallami Claudio Ranieri a watan Fabrairu sai aka ƙara mantawa da shi, har aka mai da shi CSKA aro a Janairun 2018. Da ya samu fili ya dawo hayyacinsa. A Kofin Duniya na 2018, Gernot Rohr bai fara da shi a wasan Kuroshiya ba, aka ci mu 2 da nema. A wasan Iceland ya sake tsari, ya sa mutum uku a baya, ya ba Moses gefen dama, ya bar Musa can gaba inda saurinsa ke da amfani. Moses ne ya ɗago ƙwallon da Musa ya tare ya narka a raga, kafin ya ƙara ta biyu. Wato aikin koci bai tsaya ga hukunci ba, sai ya duba abin da yaro ya iya ya gina masa wurin da zai yi shi, ya kuma nuna masa ɗan abin da ake bukata daga gare shi in ƙwallo ta kuɓuce.

Akwai kuma abin da masu kallon Turai ta talabijin ke mantawa. Filayenmu yashi ne, zafin Sakkwato a watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, yaran nan kuma da yawansu daga gona ko kasuwa suke zuwa fili bayan la'asar, wani ko abincin kirki bai ci ba. Wanda ya ce yaro ya yi ta safa da marwa daga wannan raga zuwa waccan har minti 90 bai yi adalci ba. Abin da za a iya nema shi ne kaɗan, amma kullum: in an ƙwace maka ƙwallo ka bi ta nan take, ka tare hanyar mutuminka, kada ka tsaya kana yi wa alƙalin wasa ƙorafi. Tun 2022 dokar ƙwallo ta amince da canjin 'yan wasa biyar a manyan gasanni, a wasan sada zumunci na ƙauye kuwa yarjejeniya ce kawai. Saboda haka babu hujjar hana yaro ko da minti 30.

Mu 'yan kallo ma da namu laifin, kuma shi ne ya fi damunmu. In yaro ya yanke mutum uku ya zubar da ƙwallo, fili ya kaure da ihu, a liƙa masa kuɗi a goshi. In ya yi gudun mita 40 ya ƙwato ta, ko tafi babu. Sannan mu taru wurin mai shayi muna zuga shi, muna cewa ya fi ƙarfin Boɗinga, ya tafi Kano ko Kaduna gwaji. Mun ga waɗanda aka zuga haka, suka bar makaranta, iyayensu suka sayar da tumaki aka ba wani dillali, bayan wata biyu suka dawo, domin masu gwaji sun ga abin da muka ƙi gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa sai mu yi ta yaba karkatarsa.

Mun ji an ce yaron ya daina zuwa atisaye tun makon jiya, kuma wata ƙungiya ta yi masa alkawarin riga ba tare da sharaɗi ba. Muna roƙon kocin ya taka har gidansu ya zauna da shi gaban mahaifinsa, ya faɗa masa laifinsa dalla-dalla, abin da muka tabbatar bai yi ba tun ranar wasan. Idan za a je Shagari ramuwa a hutun ƙarshen shekara, a fara da shi, a ba shi rabin lokaci na farko, a sa ɗan tsakiya mai ƙarfi ta gefensa. Mu kuma da za mu cika mota mu bi su, mu ƙirga sau nawa ya koma baya kafin mu ƙirga ƙwallayensa.